A Duba Lafiyar Kare da Halinsa Kafin a Miƙa Shi ga Wani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ake gani a unguwannin biranenmu. Mutum zai sayi kare don gadi, ya ɗaure shi da sarƙa a rana, yara su riƙa jifarsa, har ya koma mai cizo ko ƙazuwa ta cinye masa jiki. Daga nan sai a sake shi ya koma kwana a bola, ko a ba wani kyauta ba tare da an gaya masa komai game da shi ba, wanda ya karɓa kuwa ya kai haɗari gidan da ke cike da yara.

A shekarar 2007 hukumomin Amurka suka bankaɗo wani gida a jihar Bajiniya, mallakar Michael Vick, fitaccen ɗan wasan ƙwallon Amurka, inda ake haɗa karnuka faɗa ana caca a kansu. An kwashe karnuka kusan 50, kuma a wancan lokaci duk karen da aka kama a irin wannan wuri kashe shi ake yi, har ma wasu manyan ƙungiyoyin masu rajin haƙƙin dabbobi sun ba da shawarar a yi hakan. Kotu ta ce a fara gwada su ɗaya bayan ɗaya. Masana suka riƙa sa hannun roba a kwanon abincin kare su ga ko zai kai cizo, su nuna masa 'yar tsana mai siffar yaro, su kawo wani kare kusa da shi. Ɗaya tak aka kashe saboda tsananin faɗa, aka raba 47 ga ƙungiyoyin da ke kula da dabbobi, aka kuma sa Vick ya biya sama da dala 900,000 kuɗin ɗawainiyarsu, ban da ɗaurin wata 23 da aka yi masa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne halin da aka tarar da su a ciki. Yawancinsu tsoro ne ya yi musu katutu, ta yadda in mutum ya matso sai kare ya manne da ƙasa ya ƙi motsi, a ɗauke shi cak kafin a fitar da shi waje. Cibiyar Best Friends da ke jihar Yuta ta karɓi 22 daga cikin waɗanda suka fi jin jiki, ta yi wa wasunsu maganin wata cutar jini da ke yaɗuwa tsakanin karnukan faɗa, ma'aikatanta kuma suka share watanni suna zama kusa da su har suka saba da hannun mutum. Ba a ba kowa kare ba sai da karen ya ci jarrabawar ladabi, kuma akwai biyu da kotu ta ce su ƙare rayuwarsu a cibiyar. Wannan hukunci na ƙarshe ya burge ni, domin ya nuna masu aikin ba su bar tausayi ya rufe musu ido ba.

Mu ba mu da irin wannan kuɗi, amma muna da dalilin da ya fi nasu ƙarfi, wato ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Karen da ya ciji mutum, killace shi ake yi na kwana 10 a sa masa ido, yayin da wanda aka ciza zai wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya garzaya asibiti nan take. Idan aka yi gaggawar ba da karen ko aka kore shi, an rasa hanyar sanin ko yana ɗauke da cutar.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohinmu su ware ɗakin killacewa a asibitocin dabbobi, su kuma wayar da kan jama'a cewa kada kare ya sauya hannu sai likita ya duba shi, ya yi masa maganin kaska da tsutsar ciki da allurar riga-kafin ciwon haukan kare, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ke sarrafawa a nan gida. Mai bayarwa kuma ya faɗi gaskiya tun kafin a kama igiya: ko karen ya taɓa cizo, wa ya ciza, kuma me ke tunzura shi.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya.