Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Kan Gidan Gwanjo na Ditroit

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na ga hotunan gidan da ka turo wa mahaifiyarka, na kuma fahimci cewa banki ne ya ƙwace shi daga hannun wanda ya kasa biyan bashin jingina, kai kuma kana so ka shiga gwanjonsa ka zuba 'yan haya. Ba zan hana ka ba, domin da kuɗin haya na biya maka makaranta. Sai dai ina so ka riƙe abu ɗaya: kuɗin da za ka faɗa ranar gwanjo ba shi ne kuɗin gidan ba, kafin alƙalami ne kawai, ragowar lissafin sai bayan ka karɓi makulli zai biyo ka.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ditroit, inda gidan yake a jihar Mishigan ta Amurka, tana da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950, amma a ƙidayar 2020 ba su kai dubu 640 ba, kuma a 2013 birnin da kansa ya je kotu ya ce ya karye. A shekarun da suka biyo bayan rikicin bashin gidaje na 2008, gundumar Wayne, wadda Ditroit ke cikinta, ta riƙa gwanjon gidajen da aka kasa biya wa haraji, wasu ana fara tayinsu daga dala 500, sai mutane daga nesa suka yi ta cinikin biri a sama ta intanet, da yawansu kuma gidan ya sake suɓuce musu saboda harajin nan dai. Saboda haka ka taka da ƙafarka ka ga unguwar da rana, ka koma da daddare, ka ƙirga gidajen da aka toshe tagoginsu da katako a layin.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. A dokar Mishigan, wanda aka yi gwanjon gidansa kan bashin jingina yana da yawanci wata 6 da zai iya biya ya fanshi abinsa, kuma yana zaune a ciki har wa'adin ya cika, kai kuwa kuɗinka na kwance babu ko sisin haya. Idan hukumar harajin tarayya ta IRS tana bin sa bashi a kan gidan, ita ma tana da kwana 120 da za ta iya karɓa ta mayar maka da kuɗinka. Idan kuma mai bashi na biyu ne ya kai gidan gwanjo, to bashin farko yana nan daram a wuyan gidan, tare da harajin da ya taru da kuɗin ruwan famfo. Ka biya lauya ya binciko tarihin takardun tun kafin ranar, kada ka ji ƙyashin abin da zai caje ka.

Ni na ɗanɗana, shi ya sa nake nanatawa. Kana firamare lokacin da na sayi wani gida a Kaduna wanda wani banki ya yi gwanjonsa, dillali yana ta rantsuwa cewa takardu sun cika. Ranar da na je da magini mu duba katanga, sai wata dattijuwa ta fito daga ɗakin ƙurya da tsintsiya a hannu, ta ce gidan gado ne, ɗan'uwansu ya jinginar da shi ba da saninsu ba. Shekaru muka yi muna zaryar kotu, tabarmar da na saya don shimfiɗawa a zauren ma a gidanmu ta tsufa.

Jikin gidan kuma hoto ba ya nuna shi, ga shi sau da yawa ba a barin mai saye ya leƙa ciki kafin gwanjo. Gidan da ya yi hunturu babu mai ɗumama shi, ruwa kan daskare a bututu ya fasa su, ɓarayi kuma kan zare jan ƙarfe daga bango su ɗauke injin ɗumama gida. Yawancin gidajen garin an gina su kafin 1978, shekarar da Amurka ta haramta fenti mai dalma, kuma doka ta wajabta maka sanar da ɗan haya abin da ka sani a kai. Dalmar nan tana illa ga ƙwaƙwalwar yara, don haka ko babu doka, haƙƙi ne a kanka.

Idan ka tarar da mutane a ciki, ka bi a hankali. Dokar tarayya ta 2009 ta ba ɗan haya na gaskiya aƙalla kwana 90 kafin a tashe shi, kuma sau da yawa ya fi maka alheri ka bar shi ya ci gaba da biya a hannunka. In kuwa tsohon mai gidan ne, ka tuna cewa ribar da kake hange daga faɗuwarsa ta fito. Ka yi masa magana da mutunci, ka taimaka masa da kuɗin kwashe kaya, kada ka sa a watsa masa tukwane a titi a gaban 'ya'yansa.

Game da kuɗi, ban yarda ka ci bashi da ruwa ba, ka san matsayina. Gwanjo kuɗi hannu ake biya, to ka saya da abin da ka tara, ka ware na gyara, ka ajiye na wata shida da gidan zai iya zama babu kowa, ka kuma sani cewa a Mishigan gidan da ba kai ke zaune a ciki ba harajinsa ya fi yawa. Ka rubuta iyakar abin da za ka taya a takarda ka sa a aljihu, idan an wuce shi ka tashi ka tafi.

Ka turo mini rahoton lauyan da lissafin mai gyara kafin ka ɗaga hannu. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Wassalam,
Mahaifinka