A Wayar Da Kan Jama'a Game Da Feshin Hanci Mai Sitiroyid

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan wani magani da likitoci ke yawan rubuta wa masu murar alaji, wato maganin fesa wa hanci mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda a ganina mutane da dama ke yanke masa hukunci tun kafin ya fara aiki.

Murar alaji ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba. Garkuwar jiki ce ke yi wa abin da ba shi da illa bore, kamar ƙurar furanni ko ƙurar ɗaki ko gashin kyanwa, sai fatar cikin hanci ta kumbura, a yi ta atishawa a jere, hanci na ƙaiƙayi yana zubar da ruwa ko kuma ya toshe. Aikin wannan feshi shi ne kwantar da kumburin, kuma a hankali yake yin sa. Wani yakan fara jin sauƙi tun ranar farko, amma cikakken amfaninsa yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu ana fesawa kullum. Wanda ya fesa sau biyu ya ga hanci bai buɗe ba ya jefa kwalbar cikin durowa, ko wanda ba ya tunawa da ita sai ranar da abin ya tsananta, bai ba maganin dama ba. Mai murar da ke zuwa da yanayi ma, an fi so ya fara mako ɗaya ko biyu kafin lokacin da ta saba taso masa.

Tushen wannan gajen haƙuri, ina jin, shi ne rikita shi da wani feshin na daban, irin su oxymetazoline da xylometazoline, waɗanda ke matse jijiyoyin jini su buɗe hanci cikin 'yan mintuna. Kwalaben sun yi kama, amma ƙa'idarsu ta sha bamban. Masu buɗe hanci nan take ba a wuce 'yan kwanaki da su, mako guda ma ya yi yawa a wurin wasu likitoci, domin hanci yakan saba da su har ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da ƙarfinsu ya sake shi, mutum ya wayi gari ba ya iya barci sai ya fesa. Mai sitiroyid ba ya jawo wannan, shi ya sa ake iya ɗaukar watanni ana amfani da shi a ƙarƙashin kulawar likita.

Batun adadi kuwa, ya danganta da sunan da ke jikin kwali. Fluticasone propionate da mometasone kowane fesawa ɗaya yana ɗauke da maikirogiram 50, kuma babban mutum yakan fara da fesawa biyu a kowace ƙofar hanci sau ɗaya a rana, jimilla maikirogiram 200 ke nan. Idan aka samu sauƙi sai a rage zuwa fesawa ɗaya a kowace ƙofa. Beclometasone shi kuma sau biyu ake yin sa a rana, kuma jimillarsa ba a haura maikirogiram 400 a rana. Yaran da ba su kai shekara 12 ba galibi fesawa ɗaya ake ba su a kowace ƙofa sau ɗaya a rana na magungunan farko biyu, sannan kowane magani yana da mafi ƙarancin shekarun da aka yarda a fara shi. Ninka adadi don a gaggauta warkewa ba ya ƙara wani amfani a zo a gani, sai dai ya ƙara bushewar hanci da haɓo.

Inda na fi so masu karatu su tsaya su lura shi ne yadda ake riƙe kwalbar, domin nan ne aka fi yin kuskure. Za ka ga mutum ya ɗaga kai sama, ya cusa bakin kwalba tsaye, ya fesa, ya ja numfashi da ƙarfi, sai ɗaci ya sauka masa a maƙogwaro, alamar maganin ya wuce inda ake buƙatarsa ke nan. Abin da ya dace shi ne a girgiza kwalbar, idan sabuwa ce ko ta daɗe a ajiye a fesa a iska har sai feshin ya fito kamar hazo, a fyace hanci, a ɗan sunkuyar da kai, sannan a riƙe ta da hannun dama a fesa wa ƙofar hagu, da hannun hagu kuma a fesa wa ta dama. Hikimar sauya hannun ita ce bakin kwalbar ya karkata wajen kunne, ya kauce wa bangon da ya raba ƙofofin biyu, wanda fatarsa siririya ce mai saurin fashewa. Yawancin haɓon da ake kuka da shi daga fesa wa wannan bango yake, kuma ko da yake ba kasafai ba, yana iya kaiwa ga huda shi. Shaƙa kaɗan a hankali ta wadatar. Mai wanke hanci da ruwan gishiri ya fara yin wankin kafin feshin, kuma kowa ya riƙe tasa kwalbar.

Akwai kuma masu gudun maganin da zarar sun ji an ce sitiroyid, suna tuna illolin ƙwayoyi da allurai. Tsoron yana da dalili, amma abin da ke shiga jini daga fluticasone da mometasone ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, saɓanin tsofaffi irin su beclometasone da ɗigon betamethasone da jiki ya fi tsotsa. Duk da haka akwai waɗanda dole su yi hattara. Yaron da ya daɗe a kan feshin ya kamata a riƙa auna tsawonsa, musamman idan yana shaƙar wani sitiroyid ɗin saboda asma. Masu shan maganin ƙanjamau mai ɗauke da ritonavir ko cobicistat su sanar da likita tun farko, domin waɗannan suna hana hanta sarrafa fluticasone har ya taru a jiki ya yi ɓarna. Haka mai gilakoma (hawan jinin ido) ko yanar ido, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aikin hanci bai gama warkewa ba.

Ina kira ga masu harhaɗa magunguna da su riƙa ɗaukar minti ɗaya su nuna wa mai saye yadda ake fesawa, ga wannan jarida kuma da ta gayyato likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi bayani a shafinta na lafiya. Wanda ya yi mako huɗu yana bin ƙa'ida bai ga canji ba, ko ƙofa ɗaya ce kawai ke toshe masa tana fitar da jini, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, ya koma asibiti a sake duba shi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum