Zuwa ga Malam Sani a Fatakwal, kan maganar Nura

Assalamu alaikum, mutumina. Da fatan kana lafiya, da Maman Nura da yara. Mu nan Garko sai godiya, damina ta zauna, gero ya fara kai.

Yaron nan ya zo mini jiya da wayarsa, hankalinsa a tashe. Ya nemi injiniyan gine-gine a ABU, sun turo masa ta CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, cewa za su ba shi Fiziks, ya karɓa ko ya ƙi. Ya ce kai kuma ka ce ya karɓa kawai, Zariya Zariya ce. Na san ku 'yan Samaru, mazaunin ABU, ko kwas ɗin ƙirga tsuntsaye aka ba ɗanku a can sai ku yanka rago.

Ba na raina ABU. Tun 1962 take, tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatun ƙasar nan, kuma sunanta na buɗe ƙofa. Amma a takardar kammalawa kwas ake fara dubawa. Wanda ya yi Fiziks shekara huɗu, COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ba za ta yi masa rajistar injiniya da wannan digirin ba, sai ya sake wani dogon zagaye. Shi kuwa Nura tun yana ƙaramar sakandare yake bin magina, in ana zuba dakin yana tambayar yawan rodi da kwanon siminti.

Maganar "ya shiga tukuna, daga baya ya sauya" ita ce ta fi damuna. Sauya kwas a cikin jami'a sai makinsa na shekarar farko ya yi sama sosai, sai sashen da zai bari ya sake shi, sai kuma wanda zai shiga yana da gurbi, kuma injiniya a cike yake kullum. Ko an dace, dole a gyara bayanan a JAMB, in ba haka ba ranar tafiya hidimar ƙasa a ga kwas bai yi daidai ba, a tsaya.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil fa, wadda aka sauya wa suna zuwa Aliko Ɗangote, tana da ainihin kwas ɗin. Shekara biyar ne, da wata shida na koyon aiki a shekara ta huɗu. Darussan da ya rubuta, Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, su ake nema. Ɗan jihar Kano ne, kuɗin rajista zai zo da sauƙi, garin tuwo kuma daga gida.

Sai dai a bi a hankali. Kada ya taɓa komai a CAPS yanzu, domin da zarar ya karɓi gurbi an rufe maganar bana. Ya fara zuwa Wudil da ƙafarsa, ofishin ɗaukar ɗalibai, ya tabbatar makinsa ya kai kuma ba su rufe tantancewa ba. Ya shiga sashen ya tambaya ko amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da ta COREN na nan daram. In ya samu tabbaci, sannan ya je cibiyar jarrabawar kwamfuta (CBT) mai rajista ya sauya jami'a, ba kafen intanet na bakin kasuwa ba. Ya duba kuma an ɗora sakamakon WAEC ɗinsa, don rashin wannan kaɗai na hana yaro gurbi ko makinsa nawa ne.

Af, Ɗanladi ya yi ta biyu, kuma har yau bai biya ka kuɗin takinka ba, shi da kansa yake faɗa a majalisa yana dariya. Bijiminka ya yi ƙiba, Baffa na son kai shi kasuwar Wudil ranar Juma'a, na ce ya jira izininka. In ka yarda sai su tafi tare da Nura, amma su yi sammako kafin a tashi masallaci.

Ka kira ni da daddare. A gaida Hajiya.

Naka,
Habibu