Ga Ƴan Kasuwarmu Masu Zuwa Sin: Unguwar Musulmi Ta Shi'an

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da ƴan'uwanmu na Maigatari, Gumel, Ɗambatta da ƙauyukan kewaye masu zuwa ƙasar Sin sarin kaya. Da yawansu sukan yi sati biyu a birnin Gwangzu ba su wuce unguwar Shiyawbei ba, suna rayuwa a kan burodi da shayi don tsoron cin haram. Alhali akwai birnin da Musulmi suka fi shekara dubu suna zaune, suna yanka, suna girki. Sunansa Shi'an, a rubuce Xi'an, tsohuwar fadar sarakunan Tang.

Daga tashar Gwangzu ta Kudu, jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum tashar Shi'an ta Arewa cikin awa bakwai zuwa tara. Da fasfo ake yankar tikiti, da shi kuma ake shiga, don haka kada a baro shi a masauki. Daga nan a hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 a sauka a tashar Zhonglou. Ɗan taku kaɗan za a ga Hasumiyar Ganga, wadda aka gina a 1380. Bayanta titin Beiyuanmen, babban titin unguwar Musulmi, ya fara, shimfiɗe da duwatsu, tsawonsa kamar rabin kilomita.

Kafin ciki, masallaci. Babban Masallacin yana cikin lungun Huajue, ta hannun hagu in an shigo. Ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, amma ginin da ke tsaye yanzu na zamanin sarakunan Ming ne da bayansa. Baƙo zai iya wuce shi bai sani ba, domin babu ƙubba irin wadda idonmu ya saba da ita. Tsakar gida ce bayan tsakar gida, ginshiƙan katako, rufi mai lanƙwasassun baki, hasumiyar masallacin kuma gini ce mai kusurwa takwas. A bangon ɗakin salla an sassaƙa Alƙur'ani a jikin katako. Abu biyu ke rikita mutanenmu a nan. Alƙibla yamma take, ba gabas ba. Sannan Musulmin wurin, ƙabilar Hui, Hanafawa ne, la'asarsu tana jinkiri fiye da tamu, kada mutum ya zaci an manta da salla.

Alamar halal haruffa biyu ce, 清真, ana furta su "cing-jen", galibi a kan koren allo, wani lokaci da zanen buta a gefe, irin wadda suke alwala da ita. A ɗauki hotonta a waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: gurasar da ake tsagawa a cusa nama, roujiamo, a cikin unguwar naman sa ne ko na rago, amma a sauran gari naman alade ne, kuma suna ɗaya ake kiransu da shi. Ko ganye aka soya a shagon da ba shi da alamar, ana iya yin amfani da kitsen alade.

Abincin da garin ya yi suna da shi shi ne yangrou paomo. Za a miƙo maka kwano babu komai ciki sai gurasa ɗaya ko biyu masu tauri. Kai za ka marmasa ta da yatsu, ƙanana kamar ƙwayar waken suya, aikin minti ashirin ko fiye. Sai a karɓi kwanon a ba ka lamba, a dafa gutsattsarin cikin romon rago da siririyar taliya, a kawo da tafarnuwa mai zaƙi da yaji. Gurasar da gangan ba a gasa ta ta nuna sarai ba. Wanda ya yi gaggawa ya yanka manya, tsakiyarsu za ta fito ɗanya, romo bai ratsa ba. Kuma ba a juya shi, daga gefe ake ci a hankali, kamar tuwo mai zafi.

Babban titin na baƙi ne, farashinsa ya fi tsada, hayaniya kuma sai ka ce ranar kasuwar Maigatari. Ƴan gari a lungunan Dapiyuan da Sajinqiao suke cin abinci, can ya kamata a nufa. A tambayi kuɗin abu kafin a ce a zuba, musamman abin da ake aunawa a sikeli, domin "jin" ɗinsu rabin kilo ne, ba kilo ba.

Ciniki kusan duk da manhajar waya ta Alipay ko WeChat ake yi, katin bankinmu kuwa yakan ƙi, sai a riƙe canjin yuwan, kuɗin ƙasar, a aljihu. WhatsApp da Google ba sa aiki da layin ƙasar. A guji satin farko na Oktoba, hutunsu ne, ko wurin sa ƙafa babu. A Janairu kuma sanyin yana daskarar da ruwa, rigar hunturunmu ba ta isa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Maigatari, Jihar Jigawa.