A buɗe zaurukan makarantu ɗalibai su buga badminton

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga shugabannin makarantun sakandare da ma'aikatun wasanni na jihohin Arewa. A birnin Faris a 2024, Eniola Bolaji ta ciyo wa Najeriya lambar tagulla a badminton na gasar masu buƙata ta musamman, ɗan wasan badminton Anuoluwapo Opeyori kuma yana cikin waɗanda suka riƙe tutar ƙasa a bikin buɗe Olamfik. Wasan da ya ɗaga sunanmu ke nan, alhali zaurukan taro na makarantunmu da yawa a kulle suke sai ranar jarrabawa ko taron iyaye.

Filin bai da girma: tsawo mita 13.4, faɗi mita 6.1 in biyu-biyu za a yi, mita 5.18 in ɗaya-ɗaya ne. Tsayin raga mita 1.55 a jikin sanduna, tsakiyarta 1.524. Layin gaba na bugun farko yana nesa da raga da mita 1.98. Fenti da awo sun gama aikin, muddin rufin ya kai kusan mita 7.

Me ya sa sai a cikin zaure? Ƙwallon gashin fiffike ce guda 16, na dinya ko agwagwa, nauyinta gram 5 ko ɗan fiye. Iska kaɗan takan kautar da ita, yaron da ya koya a tsakar gida kuwa sai ya saba bin iska maimakon daidaita hannunsa. Ko a zaure, a kashe fankar sama, a rufe tagogin da ke fuskantar juna.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne lokacin hunturu. Bushewar iska tana sa gashin ya yi ƙanƙas, bugu kaɗan ya kakkarye, kwali guda mai ƙwallo 12 ya ƙare a yammaci ɗaya. Maganinsa mai sauƙi ne. A jiƙa ɗan soso, a matse shi sosai, a sa a bakin kwalin ba tare da ya taɓa kan ƙwallon ba, a rufe ya kwana. Ko a bari tururin ruwan zafi ya ratsa kwalin na ɗan lokaci, a rufe sai gobe. Ruwa ya yi yawa, ƙwallon ta yi nauyi ta lalace. Masu koyo kam a saya musu ta roba, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Zafi da tudu suna ƙara wa ƙwallon gudu, don haka mai lamba 77 (lambar da ke nuna gudunta) za ta riƙa wuce layi a Jos ko a Sakkwato cikin bazara. A nemi 76 ko 75. Gwajin shi ne a tsaya a layin baya a doko ta daga ƙasa da cikakken ƙarfi. Mai kyau za ta faɗi santimita 53 zuwa 99 kafin layin baya na ɗaya ɓangaren.

Raket kuma, wato abin buga ƙwallon, kada a ɗaure wa mai koyo zarensa da tsaurin da ya wuce fam 22 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, domin zare mai tsauri yana gajiyar da gwiwar hannu, yana kuma tsinkewa da wuri. Kada a bar shi a bayan mota cikin rana. A koya wa yaro riƙe shi kamar yana gaisawa da mutum, ba kamar ya ɗauki ludayi ba. In ya fara da mugun riƙo, gyaransa wahala ne.

Abin da ya fi damuna shi ne daɓen siminti mai ƙura. Nan ake zamewa a gurɗe idon sawu. A goge shi da tsumma mai laima kafin a fara, a jira ya bushe, a hana kowa shiga da silifas.

Ina roƙon kowace makaranta mai zaure ta ware yammaci biyu a mako, ɗaya na 'yan mata su kaɗai tare da malamarsu, ta yadda iyaye za su saki jiki.

Wassalam.

Mai horas da 'yan wasa,
Kaduna