Ba duk rawar kai ce iskanci ba, a duba matasanmu

Malam Edita assalamu alaikum, dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana damuna, wato ADHD, wata lalurar ƙwaƙwalwa mai hana mutum tattara hankali da zama wuri ɗaya.

Ina da ƙane ɗan shekara 23, tun yana firamare ake ce masa mai rawar kai, ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum ya dawo ba fensir ba takalmi ɗaya, muka ce ƙuruciya ce zai daina. Bai daina ba fa, salo abin ya canza. Ya shiga jami'a, kuma wallahi yaron yana da ƙwaƙwalwa, amma sai ya zauna lakca awa biyu ya fito bai san me aka ce ba, asaimen sai daren da za a karɓa, rajistar kos ma ya taɓa mantawa har aka rufe. Wanda ya fi ƙona mana rai, kuɗin makaranta da Baba ya tura masa ya zuba rabi a cacar ƙwallo ta waya a dare ɗaya, da safe yana kuka yana rantsuwa shi ma bai san yadda aka yi ba. An yi faɗa, an yi duka, an yi ruƙiyya, Gwaggo ta ce sammu ne, saura ƙiris a kai shi gidan mari.

Wata ƙawata nas ce ta matsa mu ga likitan ƙwaƙwalwa, a nan muka fara jin sunan ADHD. Yadda na fahimta, ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen goshi shi ne birkin mutum, shi ke cewa dakata ka yi tunani, kuma ko a mai lafiya sai wajen shekara 25 yake gama nuna, to masu ADHD nasu birkin ba ya kamawa da wuri, akwai kuma batun wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Shi ya sa hannu ke riga tunani. Yawanci gado ne, likita na faɗa Mama ta kalli Baba muka kwashe da dariya. Kusan yara 5 cikin 100 suna da shi kuma da yawansu da shi suke girma.

Abin da ya ruɗe mu a da, yaron nan zai iya awa shida yana buɗe waya yana gyarawa ko abinci bai tuna ba, sai mu ce ashe yana iyawa, raini ne kawai. Ashe shi ma cikin lalurar yake, abin da ya ja hankalinsu sai su nutse, wanda bai ja ba ko za a yanka su.

Amma kar kowa ya ga yana yawan danna TikTok ya ce shi ma yana da shi, likitan sai da ya tabbatar alamun sun fara kafin shekara 12 kuma gida da makaranta duk ana gani. Mata kuma su nake tausayi, da yawansu ba sa kiriniya, shiru suke hankali na can wani wuri, sai a ce sakarya ce tana ƙona girki.

Akwai magani irin su Ritalin amma likita kaɗai ke rubutawa, ba kemis ba, ballantana tiramadol da wasu ke sha wai su samu nutsuwa. Ƙanena yanzu da magani da alam a waya da littafin rubuta abin da zai yi, katin ATM ɗinsa kuma yana wajena da yardarsa. Asibitoci ga su nan, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, kunyar a ce an je asibitin mahaukata ce ke hana mu.

Roƙona Malam Edita, ku gayyato likita a shafinku na lafiya ya yi bayanin nan da Hausa yadda su Gwaggo za su gane.

Taku mai karatu,
wata yaya daga Zariya