Wasiƙa zuwa ga aminina kan taba da shekarunmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya zaman nesa? Allah ya taimaka.

Saƙonka ya iso, na ji daɗin labarin yara ƙwarai. Sai dai akwai maganar da ka saƙala can ƙarshe, kamar ba ka so in lura da ita. Ka ce ka rage taba, yanzu kara uku ko huɗu ne a yini, kuma wai a shekarunmu abin da ya ɓaci ya riga ya ɓaci. To mutumina, ba zan bar wannan ta wuce ba. Ka san ni ma na sha na bari, don haka ba wa'azin wanda bai san daɗinta ba zan yi maka.

Ka lura da yadda shan taba yake canza kama idan mutum ya haura arba'in? Da ƙuruciya abin taro ne. Kara ɗaya sai ya zagaya hannu biyar, ana busa hayaki sama ana yanga, wanda bai iya zuƙa ba a yi masa dariya. Dubi sa'anmu yanzu. Zai miƙe daga cikin mutane ya ce bari ya amsa waya, ya zagaya bayan gini, ya ɓoye karan cikin tafin hannu, ya ja ta da ƙarfi yana waige-waige, ya take guntun da takalmi. Daga nan ya kurkure baki, ya sansana hannun rigarsa, ya dawo yana gyaran murya. Ina daɗin yake a nan? Bashi kawai jiki ya biyo, shi kuma yana biya. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan an zuƙa, amma cikin awa 2 rabinsa ya bar jini, sai jiki ya fara ƙara. Natsuwar da muke cewa taba tana kawowa, yawancinta kashe ƙishin da ita kanta ta haddasa ne. Shi ya sa likitoci, idan suna son sanin zurfin kamun da ta yi wa mutum, ba sa tsayawa kan yawan karan da yake sha. Sukan tambaye shi minti nawa yake yi da farkawa kafin ya kunna ta farko.

Duniyar ma ta matse wa mashaya wuri. A Amurka, a 1965, kusan 42 cikin 100 na manya suna shan taba, yanzu ba su kai 15 ba. A 2004 ƙasar Ayalan ta hana sha a wuraren aiki baki ɗaya, ƙasashe suka yi ta bin sahu. Wanda ya fara sha lokacin da ake ajiye farantin toka a kan teburin ofis, yau sai ya fita waje ya tsaya shi kaɗai. Da yawa daga cikin tsaranmu wannan takura ce ta sa suka rage, ba niyya ba.

Kuma ragin nan shi ne inda nake jin tsoro, domin yana sanyaya wa mutum zuciya a banza. Wanda ya sauko daga kwali guda zuwa kara huɗu ba ya shan huɗun nan yadda yake shan na da. Yakan ja ta har cikin ƙirji, ya riƙe hayaƙin, ya cinye ta har sai ta fara ƙona masa yatsa. Jiki ya san adadin da yake nema, kuma zai ƙwace shi ko ta yaya. Haka wasu suka koma wa wadda ake cewa mai sauƙi, suna ganin dabara suka yi. Sauƙin nata ƙananan huji ne a jikin filta, iska tana shiga ta tsarma hayaƙi idan na'ura ce take gwadawa. Mutum kuwa yakan toshe hujin da leɓe da yatsu bai ma sani ba. Ga kuma abin da ya fi ɗaure kai: a 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka ga cewa mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar mai shan 20. Rabi fa, ba kashi ɗaya cikin ashirin ba. Jijiyoyin jini ba sa yin lissafi irin namu, hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini saurin gudaji. Ban ce ragi aikin banza ne ba, amma hanya ce, ba masauki ba.

Sai batun cewa lokaci ya wuce. A 1951 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fara bin diddigin likitocin ƙasar, maza fiye da 34,000, aka yi ta bin su har shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna cewa wanda ya ci gaba da sha har ƙarshe yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwa. Amma wanda ya bari yana da 40 ya ƙwato kusan 9 daga ciki, mai 50 ya ƙwato 6, mai 60 ma ya ƙwato 3. Rai a hannun Allah yake, babu musu, sai dai ka duba inda ni da kai muka faɗa a wannan lissafi. Shi kansa Doll ɗin mashayi ne, bincikensa ne ya sa ya jefar da ita, ya kuma rayu har shekara 92. Gaskiya ne huhun da ya lalace ba ya komawa sabo. Abin da bari yake yi shi ne ya tsayar da saurin lalacewar, numfashi ya koma raguwa a hankali irin na kowane mai tsufa. Bambancin ke nan tsakanin dattijon da yake hawa bene yana hira da wanda yake tsayawa kowane hawa yana haki.

Na lura tsaranmu ba kasafai gargaɗin jikin kwali yake sa su bari ba, sun gan shi har sun daina ganinsa. Abin da yake girgiza su na kusa ne: likita ya auna jini ya yi shiru, ko a ce wane ya yanke jiki ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ko jika ya hau cinya ya toshe hanci ya ce kaka yana wari. Kuma mutane sukan bari ne a ƙungiyance. Wani bincike da aka yi kan mutanen garin Framingham na Amurka, aka buga a 2008, ya nuna idan miji ko mata ko aboki na kusa ya bari, ɗayan ma yakan fi saurin bari. To ga ni nan, ka ɗauke ni a abokin, ko da yake nisa ya raba mu.

Komawa kuma tana da yawa a wannan zango, domin shi ne zangon nauyi: rasuwar iyaye, ɗawainiyar yara, aiki ya tsaya, barci ya ƙi zuwa. Mutum ya shekara bai taɓa ta ba, ranar wani tashin hankali ya ce a ba shi ɗaya kawai. Sabo turken wawa. Wanda ya koma bai zama marar zuciya ba, yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa.

Makon farko bayan bari shi ne mai wuya, da saurin fushi da rashin barci, bayan 'yan makonni abin yakan lafa. Za ka iya ƙara kilo 4 ko 5, kada wannan ya ba ka tsoro. Akwai cingam da abin mannawa a fata masu nikotin, akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline. Ka je wurin likitanka ka faɗa masa adadin na gaskiya, ba wanda kake faɗa wa mai ɗakinka ba, ya zaɓa maka abin da ya dace da sauran magungunan da kake sha. Idan sigarin lantarki kake tunani, kada ka haɗa ta da taba, waccan a ofis wannan a bayan gini, ba ka yi komai ba ke nan.

Idan za ka ba ni amsa, ka faɗa mini ƙarfe nawa kake kunna ta farko, da kuma ranar da ka tsayar za ka bari. Zan kira ka kowace safiya a makon nan na farko, ka zage ni idan ka ga dama, na yafe tun yanzu.

Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka amini har kullum.